Yadda Ake Hayar Motar da Za Ka Ɗauka Nan Ka Ajiye Can

A birane irin su Berlin da Milan da Vancouver akwai motocin haya da ba sai ka mayar da su inda ka ɗauko ba. Ka ɗauka a bakin titi, ka tuƙa da kanka, ka ajiye inda za ka, wani ya zo ya ɗauka. Kamfanin Daimler, mai ƙera motocin Mercedes, ne ya fara gwada tsarin da sunan car2go a garin Ulm na Jamus a 2008, sannan a 2019 aka haɗe shi da DriveNow na BMW suka zama Share Now.

Da farko sauke manhajar kamfanin, ka ɗora hoton lasin tuƙinka da katin shaida, ka saka katin banki. Yi wannan tun kafin buƙata ta taso, domin tantancewa kan ɗauki lokaci.

Ranar tafiya buɗe taswira, ka zaɓi mota mafi kusa, ka duba yawan man da ke cikinta ko cajin batirinta. Za a riƙe maka ita na 'yan mintoci har ka ƙarasa.

Da ka isa, kada ka yi saurin shiga. Zagaya motar, ka duba ƙofofi da madubai da tayoyi da gilashi. Manhajar na nuna lahanin da aka riga aka sani. Duk karce ko lotsawar da ka gani ba ta cikin jerin, ɗauki hotonta ka tura kafin ka tayar da injin. Ina nanata wannan ne saboda ɓarnar da ba a rubuta ba takan faɗa kan direban ƙarshe, kuma ko da akwai inshora, wani kaso daga aljihunka zai fita. Minti biyu ne kacal, kada ka yi ƙyuya.

Da waya ake buɗe ƙofa. Wasu kamfanoni da minti suke lissafi, wasu kamar Miles na Jamus da kilomita, wanda ya fi sauƙi a lokacin cunkoso. Mai na cikin kuɗin, amma tarar gudu taka ce. Kada ka ba kowa sitiyari, inshorar ba ta san da shi ba.

Wurin ajiyewa ne mutane suka fi tafka asara. Kowane kamfani ya shata iyakar yankinsa a taswira, kuma a wajen layin ba za ka iya rufe haya ba, kuɗi zai yi ta hawa. Don haka duba inda za ka tun kafin ka tashi. Nemi wurin da doka ta yarda kowa ya ajiye mota, ban da garejin wani ko inda alama ta ce a kwashe motoci da safe, domin in aka ja ta kai za ka biya. Filin jirgi kuwa yawanci da ƙarin kuɗi.

Ɗaga gilasai, kwashe kayanka, danna maɓallin kammala haya. Kada ka bar wurin sai ka ja hannun ƙofa ka ji ta kulle, saƙon kammalawa kuma ya shigo wayarka.