Babi na 6: Kula da Kayan Ƙarfen Zubi a Kicin da Banɗaki

Darasi na 1: Gane ƙarfen

Iyayena da 'yan'uwana ɗalibai, ƙarfen zubi shi ne baƙin ƙarfen da ake narkarwa a zuba a cikin mazubi, ya daskare da siffar abin da ake so. A gidajenmu na Jos kuna ganinsa a kan murhun gas, wato baƙaƙen ƙafafun da tukunya take zama a kansu, da kaskon suya mai nauyi, da murfin kwata, da kuma sinki da bahon wanka irin waɗanda suka rage a tsofaffin gidajen zamanin haƙar kuza a Bukuru da Rayfield. Idan za ku sayi na hannu a kasuwar Katako ko a Dilimi, ku tafi da maganaɗisu, ko da na bayan lasifikar tsohuwar rediyo ne. Yana kama ƙarfe, amma ba ya kama dalma, saboda haka tukunyar da bai kama ba, kamar ta dalma, ba ita muke nufi a wannan babi ba. Bayan haka ku ɗaga ku ji, domin na zubi yana da kauri da nauyi ƙwarai.

Darasi na 2: Wankewa da busarwa

Babban abokin gaban wannan ƙarfe shi ne tsatsa, kuma ruwan da aka bari a jikinsa ne yake kawo ta. Garinmu yana samun ruwan sama daga watan Afrilu zuwa Oktoba, kuma a waɗannan watanni abin da aka kife a kicin ba ya bushewa da wuri.

Ku wanke kasko da ruwa mai ɗumi da soso mai taushi da sabulu kaɗan. Ku ɗauraye. Yanzu mun zo wurin da mafi yawan ɗalibai suke tuntuɓe, to ku karanta a hankali. Ku ɗauki busasshen tsumma mai tsabta ku goge cikin kaskon, ku goge bayansa, ku goge mariƙinsa, sannan ku ɗora shi a wuta marar ƙarfi kamar minti 5 har sauran damshin ya ƙone. Kife kasko a kan kwando ba busarwa ba ne. Girgiza shi don ruwa ya zube ba busarwa ba ne. Sai an goge, an kuma ɗora a wuta.

Idan ya ɗan huce, ku ɗiga man gyaɗa rabin ƙaramin cokali, ku shafe ko'ina da tsumma, ku sake goge man har ya zama ba ya maiƙo a yatsa. Mai a kan jiƙaƙƙen ƙarfe ba ya hana tsatsa, don haka a busar tukuna. Wanda bai gane ba a karon farko, kada ya damu, a hankali hannu yake sabawa. Ku rubuta wannan jimla sau 3 a littafinku, ku karanta ta da ƙarfi: Na wanke, na goge, na busar, na shafa mai.

Amma dole in faɗa muku gaskiya, raina yana ɓaci idan na ji wasunku har yanzu suna jiƙa kasko da dare su bar shi ya kwana cikin ruwa, da safe kuma su ce ƙarfen ne ba shi da kyau. Ƙarfen ba shi da laifi. Ku manya ne, kuɗinku kuka sa kuka saya, kuma aikin nan bai kai minti 10 ba. Ƙafafun murhun gas ma haka ake yi musu, a busar da su sarai kafin a mayar.

Darasi na 3: Sinki da baho

Farin rufin da yake kansu gilashi ne da aka narkar a jikin ƙarfen, irin na kwanon samira. Kada ku dirje shi da soson ƙarfe, ko toka da yashi, kuma kada ku zuba masa asid na wanke masai, domin duk suna cinye sheƙinsa. Omo da soso mai taushi sun isa. Idan famfo yana ɗiga, ku kira mai gyaran famfo ya canza robar, tun kafin jan tabo ya zauna. A nan ma, bayan wanka ko wanke-wanke, ku goge da busasshen tsumma, musamman bakin ramin da ruwa yake fita da duk inda rufin ya ɓantare.

Darasi na 4: Ɗauka da zafi

Bahon zubi yakan wuce kilo 100, saboda haka ku nemi maza huɗu su ɗauka tare. Wannan ƙarfe ba ya lanƙwasa, idan ya faɗi fashewa yake yi. Kada ku kwara ruwan sanyi a kasko mai zafi.

Darasi na 5: Murfin kwata

Ku kankare tsatsar da sanfefa, ku tabbatar ya bushe, sannan ku shafa masa fentin mai.