Yadda ake zaɓar dokokin wasan yaƙin Salibiyya na kan tebur

Kar ka sayi soja ko ɗaya tukun, ina nufin ƙananan sojojin roba ko na ƙarfe da ake jerawa a kan tebur a buga wasan da su. A nan yawancin sababbin shiga suke yin asara, mutum ya ga akwatin mahayan kamfanin Fireforge ko na Gripping Beast ya yi masa kyau, ya saya ya shafe su da fenti ya manna su da gam a kan gindi, wato ɗan faifan da soja ke tsayawa a kai, sai daga baya ya gano dokokin da abokan wasansa ke bi suna son wani faɗin gindin daban. Ɓamɓare soja daga gindi bayan gam ya bushe aiki ne mai cin rai, kuma ƙafafun dawakan karyewa suke.

Fara da tambayar kanka girman yaƙin da kake so. In harin kwanton ɓauna ne ko tare ayari a hanyar Kudus, littafin dokokin Lion Rampant na Daniel Mersey ya ishe ka, ana haɗa runduna da maki 24, kowace ƙungiya soja 6 ko 12, tun 2014 ake buga shi. SAGA ma na wannan ajin ne, tebur santimita 120 da 90, sai dai za ka ƙara kuɗin littafin Age of Crusades da dayis ɗinsu na musamman, ka sa wannan a lissafi. In kuwa babban yaƙin Hattin na 1187, inda Salahuddin ya ci mayaƙan Salibiyya, kake so gaba ɗayansa, to sai dokokin DBA (De Bellis Antiquitatis), runduna gindi 12 kacal da sojoji masu milimita 15 a kan tebur ƙarami, ko Hail Caesar in kana da falo da sojoji ɗaruruwa. Ni dai ba na ba sabon shiga shawarar Hail Caesar, sai ya shekara yana fenti bai buga wasa ba.

To yanzu ga inda nake so ka tsaya. Yanko kwali, ka rubuta sunan ƙungiyoyi a kai, gefe ɗaya mahaya masu sulke na Faranjawa, wato Turawan Salibiyya, ɗaya gefen mahaya 'yan baka irin Turkawan rundunar Salahuddin, ka buga su da dokokin da kake tunanin saye. Dukkan yaƙin nan a tsakanin waɗannan biyun yake. Ɗan baka ya matso ya yi harbi ya juya da gudu, mai sulke ya daure a bayan dakarunsa har sai lokacin sukuwa ya yi, kuma sukuwar sau ɗaya ce, in ta tafi a banza dawakai sun gaji shi kenan. Duba da kyau, shin dokokin sun bar ɗan baka ya kauce idan an taso masa? In ba su bari ba, masu sulke za su tattake shi a zagaye na biyu kuma mai riƙe da Salahuddin ba zai sake zuwa wasa ba. In kuma kaucewar ba ta taɓa faɗuwa, wato babu jefa dayis babu kasada, to mai Faranjawa zai wuni yana bin ƙura ana tsince masa sojoji ɗai-ɗai, shi ma ya gaji. Abin da kake nema tsakiya ne, kaucewa mai yiwuwa amma wani sa'in a kama ka.

Sannan ka duba ɗaya ɓangaren, ko masu sulken suna iya ɓallewa ba da izinin shugaba ba. A yaƙin Arsuf a 1191 mahayan Hospitaller, wata ƙungiyar mayaƙan Kirista, da ke ƙarshen sahu sun sha harbi har suka kasa haƙuri suka yi sukuwa kafin shugaban rundunar, Sarki Richard na Ingila, ya ba da alama, dole ya bi su da sauran rundunar. Lion Rampant na da doka a kan wannan, mai sulke in ya ga abokin gaba a kusa sai an gwada shi da dayis ko zai afka, kuma wallahi shi ya sa nake son sa. Dokar da ta bar jarumawan nan suna tsaye cak sai ka ce musu tafi, ba ta san zamanin ba. Ka buga gwajin nan da kwali sau biyu, ku yi musayar gefe kai da abokinka.

Ƙishirwa da zafi su suka karya rundunar Guy, sarkin Faranjawan Kudus, a Hattin, don haka in dokokin ba su da maganar gajiya ko ruwa ku ƙara taku, ku sa rijiya a tsakiyar tebur a matsayin abin da ake faɗa a kai.

Sauran ba wuya. Tambayi waɗanda za ku riƙa wasa tare me suke bugawa da girman sojojinsu, milimita 15 ko 28, don dokoki masu kyau ba abokin wasa ajiya ce kawai. In akwai PDF sayi shi, ya fi sauƙi a kan kuɗin aiko da littafi. Sai ka auna gindi yadda littafin ya ce, ka fara da runduna ƙarama ta kowane gefe, na roba sun fi na ƙarfe araha.