Yadda shugaban makaranta zai sauƙaƙa wa malamai makonnin farko na komawa aiki

Yawancin damuwar malami a farkon shekarar karatu daga rashin sanin inda aka dosa take tasowa: jadawali bai fito ba, bai san ajin da zai riƙe ba, ana ta shigo da sababbin ɗalibai, ga taro kan taro. Maganin yawancin wannan a ofishin shugaba yake.

A fitar da jadawalin darussa mako guda kafin a buɗe makaranta, ko da na wucin gadi ne. Wajen tsara shi a bi layin kowane malami, kada a jera masa darussa fiye da 4 ba tare da ya sarara ba. Kuskuren da aka fi yi shi ne a ɗora wa sabon malami ajin da tsofaffi suka guda, wai don ya goge. Ba gogewa yake yi ba, karaya yake yi. A haɗa shi da wani tsohon hannu mai koyar da fanninsa, su riƙa zama na minti 15 duk mako.

Aikin takarda kuma a rarraba shi. Makon farko rajista da shirin darasin makon sun isa, tsarin aikin zango ya jira ƙarshen mako na biyu, lokacin da malami ya gane ƙarfin ajinsa. Wanda aka tilasta wa rubuta shi tun ranar farko sai ya sake rubuta shi. Taron malamai ɗaya a mako, minti 45, da rubutaccen abin da za a tattauna. Sanarwa a tura ta WhatsApp, amma a tsayar da lokaci, misali 6 na yamma, wanda bayansa ba a jiran amsar kowa. Shugaba ne zai fara kiyaye dokar, in ba haka ba ta mutu.

Sai murya, wadda ba a cika tunawa da ita ba sai ta dushe. Bayan dogon hutu maƙogwaro ya saba da hutawa, kwana uku na ɗaga murya sun isa su shaƙe shi. Malami ya ajiye ruwa a tebur yana kurɓa, ya koya wa ajin alamar yin shiru tun ranar farko, kamar ɗaga hannu ko tafi biyu. In murya ta dushe a rage magana, kada a koma raɗa, don ita ma tana wahalar da maƙogwaro.

Barci a fara gyara shi tun ana hutu: a riƙa matso da lokacin kwanciya da minti 15 kullum har a samu awa 7 cikakku.

A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana matsananciyar gajiyar da daɗaɗɗen matsin aiki ke jawowa da alamu uku: ƙarewar kuzari, jin aikin ya fita daga rai, da raguwar ƙwazo. Idan malamin da aka sani da fara'a ya fara makara, yana faɗa kan ƙaramin abu, yana gudun ɗakin malamai, a kira shi gefe, ba a gaban jama'a ba, a tambaye shi, "Malam, wane aiki ne za mu sauke maka wannan makon?" In rashin barci ko ƙuncin rai ya wuce mako biyu, a ba shi dama ya ga likita, a sa wani ya riƙe masa ajin.