Yadda ɗan kasuwa zai hango farashin takin zamani kafin ya zuba jarinsa

Duk shekara, da zarar hadarin farko ya fara haɗuwa a sararin Kumasi wajen watan Maris, tambaya ɗaya ce ke yawo a bakin masu shagunan kayan noma daga Kejetia har zuwa Aboabo da Asawase: nawa buhun taki zai kai bana? Manomin da ya zo daga Ejura yana tambayar mai shago, mai shago yana tambayar dillalinsa na Tema, garin da ke da babbar tashar jiragen ruwan Ghana, shi kuma dillalin yakan ce a jira jirgi ya iso. Na shafe shekaru ina sarin takin zamani ina aikawa Techiman da Tamale, kuma abin da na koya, bayan asarar da har yanzu nake jin ciwonta, shi ne ana iya hango amsar wannan tambaya tun watanni kafin jirgin ya taso, muddin mutum ya san inda zai duba.

Abu na farko da ya kamata ka riƙe shi ne Ghana ba ta ƙera takin zamani daga tushe. Kamfanonin da ke Tema, irin su Yara, shigo da shi suke yi, ko dai a haɗe ko kuwa sinadari-sinadari, sannan su gauraya su zuba a buhu. Haruffa ukun da ke jikin buhun NPK, wanda manoma da yawa ke kira kamfa, suna nufin naitirojin da fosfet da fotash, kuma kowanne da ƙasar da yake fitowa da kasuwar da ke yanke masa farashi. Wanda ya sayi buhu ɗaya na kamfa, a gaskiya kasuwanni uku ya shiga lokaci guda.

Ka fara da naitirojin, domin shi ne ya fi motsi kuma shi ne ya fi cin kuɗin manomin masara da shinkafa. Naitirojin kansa kyauta ne, tunda kashi 78 cikin ɗari na iskar da muke shaƙa shi ne. Wahalar tana wajen kamo shi. A shekarar 1909 wani masanin Jamus, Fritz Haber, ya nuna yadda ake haɗa shi da haidirojin a samu amoniya, kuma a 1913 Carl Bosch na kamfanin BASF ya mayar da dabarar masana'anta a garin Oppau. Har gobe da wannan hanya duniya ke aiki. Haidirojin ɗin daga iskar gas ake ciro shi a yawancin masana'antu, wutar da ke dafa aikin ita ma gas ce, shi ya sa gas kaɗai yakan cinye kashi 70 cikin ɗari ko fiye na kuɗin sarrafa amoniya. Daga amoniya ake samun yuriya, kuma kowane tan na yuriya yana buƙatar amoniya da ta ɗan haura rabin tan. Idan ka riƙe farin ƙwayar yuriya a tafin hannunka, gas ne ka riƙe wanda aka daskarar. Wannan ne dalilin da ya sa manyan masu fitar da ita suke inda gas ke da araha, kamar Rasha da Katar da Masar da Aljeriya da Najeriya, kuma shi ne dalilin da ya sa labarin farashin gas a Turai ya shafi shagonka kai tsaye.

Akwai wani hali na waɗannan masana'antu da ya kamata ka fahimta. Gina su yana cin kuɗi na fitar hankali. Masana'antar Ɗangote da ke Lekki a Legas, wadda aka ƙaddamar a watan Maris na 2022, ta ci kusan dala biliyan 2.5, kuma an gina ta ne don ta fitar da tan miliyan 3 na yuriya a shekara. Wanda ya zuba irin wannan jari ba zai iya kashe injin ya jira damina ba, dole ya yi aiki dare da rana, rani da damina, domin bashin ginin yana tafiya ko an sayar ko ba a sayar ba. Manomi kuwa cikin 'yan makonni yake sayen takinsa. Tsakanin mai ƙerawa kullum da mai saye sau ɗaya ko biyu a shekara, dole wani ya ajiye kayan a sito ya ɗauki nauyin kuɗin da ya kwanta, kuma sau da yawa wannan mutumin kai ne.

Kada kuma kusancin Najeriya ya ruɗe ka ka zaci yuriyarta za ta zo mana a farashin zumunta. Masana'antar Lekki da ta Indorama da ke Eleme kusa da Fatakwal suna sayarwa har Barazil da Amurka, kuma ba mai sayar maka da kaya ƙasa da abin da wani zai ba shi. Farashin duniya yakan tsaya ne daidai inda masana'antar da ta fi kowa tsadar aiki, amma ake buƙatar kayanta, za ta iya ci gaba da numfashi. Mai gas mai araha yana cin ribar da ke tsakani. Sau da yawa 'yan'uwa a zango sukan ce da Ghana ta gina tata masana'antar da an huta. Ina son ganin wannan rana, sai dai gas ɗin da ake tacewa a Atuabo, a gaɓar tekun yammacin Ghana, yawancinsa wutar lantarki yake tafiya, kuma duk takin da Ghana ke sha a shekara bai kai sulusin abin da Lekki kaɗai aka gina ta fitar ba, don haka sai an tabbatar da gas mai araha da kasuwar waje kafin lissafin ya tsaya da ƙafarsa.

Fosfet da fotash haƙo su ake yi daga ƙasa, kuma Allah bai raba su daidai ba. Maroko ce ke riƙe da kusan kashi 70 cikin ɗari na dutsen fosfet da aka sani a duniya, a hannun kamfanin OCP, maƙwabciyarmu Togo ita ma tana haƙa a Hahotoé. Fotash kuwa Kanada da Rasha da Belarus ne suka riƙe wuyansa. Idan masu kaya ba su da yawa, takunkumi ɗaya ko rikici ɗaya ya isa ya ɗaga farashi.

An ga wannan ƙuru-ƙuru. A 2021 gas ya yi tsada a Turai, Sin ta taƙaita fitar da takinta don ta kare manomanta, yuriya ta haura dala 900 kowane tan a wasu kasuwanni. A watan Fabrairu na 2022 yaƙin Rasha da Yukiren ya ɓarke, masana'antu da dama a Turai suka rage aiki ko suka rufe. Duk wanda yake sauraron labaran duniya a ƙarshen 2021 ya san daminar 2022 za ta yi zafi. Saboda haka ka mayar da shi al'ada, sau ɗaya a mako, ka duba farashin tan na yuriya a intanet, ka saurari ko Indiya ta buɗe neman saye, domin ita babbar mai saye ce kuma idan ta shiga kasuwa farashi yakan ɗaga, ka kuma saurari ko Sin ta buɗe ƙofa ko ta rufe. Abin da ka gani yau yakan iso Tema bayan wata biyu ko uku.

Daga nan sai ka mayar da farashin duniya zuwa buhu, kuma lissafin ba shi da wuya. Tan ɗaya buhu 20 ne masu kilo 50. A ɗauka, don misali kawai, tan yana dala 400, ka ga buhu ya tashi dala 20. Idan dala tana sidi 12, wato kuɗin Ghana, buhun sidi 240 ne tun bai bar tashar da aka loda shi ba, idan kuma ta koma 15, ya zama 300 ba tare da masana'anta ta ƙara ko kwabo ba. A kan wannan za ka ɗora kuɗin jirgi da inshora, da kuɗaɗen tashar Tema, da zuba wa buhu, da ribar mai shigowa, da motar da za ta yi sama da kilomita 250 zuwa Kumasi, da wata sama da 350 idan Tamale za ka kai, har da ladan masu lodi da saukewa. Idan ka yi wannan lissafi sau uku ko huɗu kana kwatanta shi da farashin da dillali ya ba ka, za ka gane tazarar da ta saba kasancewa, kuma ranar da tazarar ta yi faɗi fiye da kima za ka san lokacin taya ciniki ne ko lokacin jira.

A kan maganar dala na sha wuya. A farkon 2022 dala tana wajen sidi 6. Na sari kaya, na ɗora ribata a kan abin da na saya, na ba wasu manoman da muka daɗe muna hulɗa bashi zuwa kaka. Sun cika alkawari, ba wanda ya ci mini kwabo. Amma zuwa Nuwamba dala ta haura sidi 14, kuma da na tattara kuɗin gaba ɗaya, uwa da riba, na tarar ba za su dawo mini da buhunan da na fitar ba, sai kaɗan fiye da rabi. Na zauna a bakin sito ina duban katakan da babu komai a kansu. Dattijon da ya koya mini sana'ar ya zo ya same ni, na ce, "Baba, ban san inda kuɗin suka shiga ba." Ya ce, "Yaro, ka sayar da farashin jiya, alhali da farashin gobe za ka saya." Tun daga ranar nake yanka farashi da abin da zai ci ni in mayar da buhun gurbinsa, kuma idan zan ba da bashi mai tsawo, mukan yi yarjejeniya a fili tun farko, gaban shaidu, kan adadin da lokacin biya, na kuma taƙaita bashin zuwa abin da jarina zai iya ɗauka.

Lokaci ma kuɗi yake ci. A watan Yuli na 2023 Babban Bankin Ghana ya kai ma'aunin kuɗin ruwansa kashi 30 cikin ɗari, kuma bankunan kasuwa sama da haka suke bayarwa. A irin wannan yanayi, mai shigo da kaya da ya ajiye taki wata huɗu ya ƙara masa kusan kashi 10 cikin ɗari, kuma kai zai ɗora wa. Ko da kai ba ka mu'amala da kuɗin ruwa, kamar yawancinmu, jarin da ya kwanta a sito wata huɗu jari ne da bai juya ba. Mu na Kumasi muna da wata dama a nan, domin yankinmu damina biyu yake samu, babba daga wajen Afrilu da ƙarama daga wajen Satumba, arewa kuwa ɗaya ce a tsakiyar shekara. Wanda ya tsara sarinsa kashi-kashi yana bin waɗannan lokuta zai juya kuɗinsa sau uku, maimakon ya cika sito sau ɗaya ya zauna gadi.

Kafin ka yi babban sari, ka saurari gwamnati. Ghana ta fara tallafin taki a 2008, shirin gwamnati na bunƙasa noma mai suna Planting for Food and Jobs na 2017 ya fara da biyan rabin farashi, aka yi ta fama da fasa-ƙwaurin takin tallafi zuwa Burkina Faso da kuma jinkirin biyan masu shigowa, sannan a 2023 aka sauya tsarin zuwa ba da kayan noma bashi. Hukumar koko, COCOBOD, ita ma tana da nata rabon ga manoman koko. Ranar da aka sauke taki mai rahusa ko na kyauta a gundumar da kake sayarwa, naka zai kwana. Ka kuma dubi aljihun manomi: buhun masara nawa zai sayar a Techiman ko Ejura kafin ya sayi buhun taki ɗaya? Idan masara ta faɗi, ko fari ya taɓa amfani kamar yadda ya faru a arewa a 2024, manomi zai rage taki a shekara mai zuwa, komai kyawun farashinka.

Idan manomi ya tsaya gabanka yana auna buhu biyu, ka taimake shi ya sayi abin da ke ciki. Yuriya kashi 46 cikin ɗari naitirojin ce, wato kilo 23 a buhu. Salfet na amoniya kashi 21 ne, kilo 10.5 ke nan, ko da yake yana ɗauke da sinadarin salfa da wasu gonaki ke buƙata. Kamfa mai lamba 15-15-15 tana da kilo 7.5 na kowane ɗaya daga cikin ukun. Ka raba farashin buhu da waɗannan kilo a gabansa, zai ga cewa salfet da bai kai yuriya tsada ba yana iya fin ta tsada idan naitirojin yake nema. Manomin da ka yi wa wannan lissafi a bayan takardar rasit, shi ne zai dawo maka baɗi da ɗan'uwansa.

Dokar Tsirrai da Taki ta 2010, mai lamba 803, ta wajabta wa mai sayar da taki yin rajista da sashen kare tsirrai na Ma'aikatar Abinci da Noma, don haka ka yi taka, ka kuma nemi ganin ta wanda kake sara a wurinsa. Ranar da mota ta iso, kada ka sa hannu a takarda sai ka ɗora buhuna biyar ko shida a sikeli, waɗanda ka zaɓa da kanka daga tsakiyar lodi. Ka duba ɗinkin baki ko an farke an sake, ka danna buhun da gwiwa ka ji ko ya dunƙule, domin yuriya tana shan laima kamar gishiri, kuma iskar Kumasi ba ta rabo da danshi. Idan gaurayayyen taki ne, ka buɗe ɗaya ka ɗebo daga sama da ƙasa ka kwatanta, saboda girgizar hanya takan sa ƙananan ƙwayoyi su nutse, manomi ya zuba wa wata kunya fotash zalla wata kuma naitirojin. Sannan ka jera su a kan katako nesa da bango, ka bar hanyar iska a tsakani, ka rubuta ranar shigowa a jikin kowane jeri don wanda ya riga shiga ya riga fita.