Ga Sakkwatawa sababbin zuwa Ingila: idan yaro ya yi jinkirin magana

Rajista da likitan unguwa ba ta da wuya, kuma 'yan'uwanmu da ke Landan da Manchesta ba sa barin baƙo ya yi ta shi kaɗai. Ku dai adana jan littafin da ake rubuta bayanan lafiyar yaro a ciki, ku kai shi duban da ma'aikaciyar lafiya take yi tsakanin shekara 2 da 2 da rabi, domin a nan ake yawan fara lura da alamun otizim, wanda wasu ke kira galahanga: a kira sunan yaro bai waiwaya ba, ba ya nuna abu da yatsa, ko ya wuni yana jera murafun kwalba.

Inda na sha wuya shi ne takardu. Da aka miƙo mana takardar tambayoyi game da ɗana, na cika ta yadda ake amsa gaisuwa a Kanwuri: barci lafiya lau, abinci alhamdu lillahi. Alhali yaron ba ya cin komai sai farar shinkafa, kuma mahaifiyarsa takan kai ƙarfe uku na dare tana jijjiga shi. Kunya ce ta riƙe mini alƙalami, ga kuma Inna daga Mabera tana cewa ta waya, "Ku bar shi, ubanai ma haka ya yi." Masu dubawa suka ɗauki abin da na rubuta, suka ce a jira, muka yi asarar kusan shekara guda. Har yau ina ganin sababbin zuwa suna maimaita wannan, wasu ma suna ɓoye yaro a ɗaki idan baƙi sun zo, abin yana ba ni haushi.

Ku rubuta ranar da ta fi muni, ku ɗauki bidiyo a waya, ku nemi tafinta idan uwa ba ta sake da Turanci ba, domin ita ta fi kowa sanin yaron. Ƙa'ida ta ce a fara tantancewa cikin wata 3 bayan likita ya tura ku, amma jiran yakan haura shekara. Kada ku zauna jira, domin dokar yara da iyalai ta 2014 ta ba iyaye damar rubuta wa ƙaramar hukuma da kansu su nemi tsarin tallafin ilimi, lafiya da kulawa tun kafin sakamako ya fito; tana da mako 6 ta amsa, da mako 20 daga ranar da aka nema ta kammala idan ta amince.

Kada kuma ku daina yi masa Hausa, harshe biyu ba ya jawo wannan lalura. Inna ba ta fasa aiko da rubutu ba, ni ma ban hana ta ba, amma mai koyar da magana ta nuna mana yadda Inna za ta taimaka. Yanzu kullum bayan magariba takan kira ta WhatsApp, ta ɗaga ludayi ta ce "ludayi", ta yi shiru tana ƙirga goma a zuci kafin ta sake.