Yadda ake nema wa tsohon kare da ke hannun riƙo gida na dindindin

A garin Bauchi ba sabon abu ba ne ma'aikaci ya samu canjin wurin aiki, ko iyali su tashi daga gidan haya, su bar karen da ya yi musu gadi shekara da shekaru yana kwance a bakin ƙofa yana jiran dawowarsu. Wanda tausayi ya sa ya ɗauke shi yakan yi haka ne da niyyar riƙo na ɗan lokaci, kafin a samu wanda zai karɓe shi. Na riƙe irin wannan kare wata biyar a gidanmu da ke Yelwa, baƙi ne mai suna Duna, wanda furfura ta riga ta zagaye bakinsa, kuma abin da na koya a wannan zaman shi ne, samun mai cewa "kawo shi" ba wuya, amma samun gidan da kare zai ƙarasa kwanakinsa cikin kwanciyar hankali aiki ne da ke son haƙuri da bin diddigi.

Kafin ka yi wa kowa maganar, ka kai shi wurin likitan dabbobi, domin ba a fafe gora ranar tafiya. Abu na farko shi ne allurar rigakafin ciwon haukan kare, wadda ake maimaitawa kowace shekara, kuma Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom a Jihar Filato, wadda aka kafa tun 1924, tana cikin masu samar da ita. Ka karɓi katin shaidar allurar ka adana shi, don duk mai iyali da ya san abin da yake yi shi zai fara tambaya, kuma yana da gaskiya, tunda kusan duk mutanen da wannan ciwo ke kamawa daga cizon kare suke samunsa. Wasu hukumomi da likitoci kan yi allurar kyauta a ranar 28 ga Satumba, ranar yaƙi da cutar ta duniya, amma kada ka jira ranar idan tana da nisa. Daga nan a ba shi maganin tsutsar ciki, a raba shi da kaska, a duba haƙoransa da idanunsa da gaɓoɓinsa. Kare mai girman jiki yakan shiga tsufa tun yana da kamar shekara 7, masu ƙaramin jiki kuma sukan ɗan jinkirta, kuma likita yana iya ƙiyasta shekarun daga cinyewar haƙora da yanayin ido ko da ba ka san ranar haihuwarsa ba. Idan karya ce da ba a yi mata aikin hana haihuwa ba, ka roƙi likita ya shafa nonuwanta ya ji ko akwai ƙulli, ya kuma yi maka bayanin ciwon mahaifa da ke kama tsofaffin karnuka mata.

Bayan haka sai ka zauna ka rubuta halinsa a takarda ɗaya, kuma ka rubuta gaskiya. Wannan ne wurin da masu riƙo da yawa suke kuskure, saboda gajiya da ɗawainiya takan sa mutum ya ƙawata abin da ke hannunsa don ya rabu da shi. Idan idonsa ɗaya ya yi yana, ka faɗa. Idan ba ya ji sosai har yakan firgita in an taɓa shi yana barci, ka faɗa, domin wannan shi ne abin da ke sa tsohon kare mai sanyin hali ya kai wa yaro cizo. Ka rubuta yadda yake da kaji da awaki, da yadda yake da yara, da abin da yake ci, da kuɗin da kake kashewa a kansa a wata. Duna ba ya taɓa kaza, amma ya tsani ƙarar babur, kuma da safiyar hunturu sai ya ɗauki lokaci yana miƙe ƙafafunsa na baya ɗaya bayan ɗaya kafin ya iya tashi. Duk wannan na sa a takardar. Wanda ya karɓi kare bisa yabon ƙarya zai gano gaskiyar cikin mako biyu, kuma a lokacin ba kai zai dawo wa da shi ba, kan titi zai sake shi.

Sai kuma ka yi tunanin irin gidan da ya dace da shi. Maharba da makiyaya matashin kare mai gudu suke so, don haka kada ka ɓata lokacinka a can. Tsohon kare ya fi dacewa da gida mai katanga da inuwa, inda akwai mutum a gida mafi yawan yini, kamar dattijon da ya yi ritaya, ko gidan gona da mai gadi ke kwana a ciki. Ƙarfinsa ya ragu amma hancinsa bai mutu ba, yana sanar da shigowar baƙo, ba ya tona shuka, ba ya cinye takalma kamar kwikwiyo, kuma ya riga ya san inda ake kwanciya da inda ba a shiga. A gidajen Musulmi za a yi maganar hukunci, kuma bai kamata ka kauce mata ba. Hadisai sun halatta riƙe kare don farauta da kiwo da tsaron gona, malamai da dama kuma sun haɗa da gadin gida idan akwai buƙata, sannan kowa ya san hadisin mutumin da aka gafarta masa saboda ya shayar da kare mai ƙishirwa. Duk da haka, idan uwargida ba ta so, ka haƙura da gidan, domin ita ce za ta wuni da shi, kuma karen da mai gida kaɗai ya amince da shi yakan ƙare a ɗaure a bayan gida.

Wajen cigiya, ka fara da bakin mutanen da suka san ka: likitan da ya duba shi, masu sayar da magungunan dabbobi, abokan aiki, mutanen masallaci ko coci, da zaurukan WhatsApp na unguwa. Hoto biyu masu kyau da aka ɗauka da hasken safe sun isa. Abin da nake roƙonka da babbar murya shi ne kada ka rubuta "kare kyauta, mai so ya zo ya ɗauka" a Facebook. Akwai fatauci na karnuka da ake saye daga garuruwan arewa ana lodawa zuwa kasuwanni irin ta Dawaki a Ƙaramar Hukumar Kanke ta Jihar Filato, inda ake sayar da su don yanka, kuma tsohon kare mai jiki da aka samu ba ko sisi riba ce tsantsa ga dillali. Alamomin ba su da wuyar ganewa: yana sauri, ba ya tambayar sunan karen ko abin da yake ci, girmansa kawai yake kallo, kuma da ka ce kana son ganin gidansa sai ya fara kawo uzuri. Wani ya zo mini da buhu da igiya a kan babur, ya ce gonarsa tana da nisa ba sai na wahala ba. Na ba shi ruwa ya sha, na sallame shi.

Gani ya kori ji, saboda haka ka je gidan da ƙafarka, kuma ka je da tsakar rana. A watan Maris da Afrilu zafin Bauchi yakan kusanci digiri 40, kuma tsohon kare da aka ɗaure a inda inuwa ke gushewa da azahar yana iya mutuwa a yini ɗaya. Ka duba inda zai kwanta, ko ƙasa ce mai laushi ko siminti tsirara wanda ke ƙara wa gaɓoɓi ciwo, ka duba ko katangar tana da kafar da zai iya fita ta cikinta, ka tambayi wanda zai riƙa zuba masa ruwa idan mai gida ya yi tafiya. Dattijon da ya karɓi Duna a ƙarshe malamin makaranta ne da ya yi ritaya. Na ce masa, "Baba, ina so ku sani cewa ba lallai ya wuce shekara biyu ko uku ba, kuma akwai kuɗin magani a gaba." Ya ɗan yi shiru, ya dubi karen da ke shinshinar gindin bishiyar mangwaronsa, sannan ya ce, "Ɗana, ai ni ma ba gudu nake yi ba yanzu. Ka bar shi mu gwada."

Gwajin nan shi ne daidai. Ka kai shi ziyara sau biyu ko uku kafin ranar tarewa, ka bar shi ya zagaya gidan da igiya a wuyansa, sannan ku yi yarjejeniyar gwaji ta mako biyu. Ranar da za ka bar shi, ka tafi da buhun da yake kwanciya a kai ba tare da ka wanke ba, da kwanonsa, da abincin da ya saba na mako guda, a riƙa gauraya shi da na sabon gida kaɗan kaɗan don kada cikinsa ya ɓaci. Ka gaya musu a jiƙa masa tuwo ko ƙanzo ya yi laushi saboda haƙoransa, a guji ba shi miyar da albasa ta yi yawa da ƙashin kaza dafaffe, kuma kada a taɓa ba shi maganin ciwon jiki na mutane irin su ibuprofen da diclofenac, domin suna lalata ciki da ƙodar kare. A kwanakin farko a bar ƙofa a rufe, don zai yi ƙoƙarin komawa inda ya fito, kuma idan ya ƙi cin abinci kwana ɗaya ba abin tashin hankali ba ne, amma in ya kai kwana biyu a kira likita.

Sharaɗi ɗaya ne na dage a rubuta a gaban shaida: idan riƙon ya gagara, ko a bayan shekara ne, ba za a sayar da shi ba, ba za a ba wani ba, ni za a kira in zo in ɗauka. Ka miƙa katin allura tare da takardar halinsa, ka rubuta ranar allura ta gaba da manyan baƙaƙe a bayan katin, ka ajiye kwafi a wurinka. Ka bari a yi kamar kwana goma kafin ka koma dubiya, don zuwanka da wuri yakan tayar masa da hankali ya koma jiran ka a bakin ƙofa. Da na koma gidan Baba, na tarar da Duna kwance a ƙarƙashin kujerarsa a gindin mangwaro. Ya ɗaga kai ya kaɗa mini wutsiya, amma bai tashi ya biyo ni ba sa'ad da na yi sallama zan fita.