Yadda za ka sha bitamin D ba tare da ka cuci jijiyoyin jininka ba

Kwanan nan duk gurup ɗin WhatsApp da ka shiga sai ka tarar an turo odiyo wai bitamin D na wanke jijiya, wai tana sauke tansiyo, har wata gwaggona da ke Zariya 2 ta aiko in sayo mata kwali uku a farmasi. Na ce gwaggo dakata tukuna. Ga yadda ni nake ganin ya kamata a bi abin.

Da farko ka san mi take yi a jiki. Fatarka ce ke haɗa ta in rana ta taɓa ta, hanta ta juya ta, ƙoda ta ƙarasa aikin, sannan ta taimaki hanji ya tsotsi kalsiyom daga abinci don ƙashi ya yi ƙarfi. Wannan kam ba gardama. Zancen jijiya ne ke da saura. Gaskiya ne an lura masu ƙarancinta sun fi fama da hawan jini da ciwon zuciya, amma da aka gwada a Amurka, binciken VITAL da ya fito a 2018, mutum sama da 25,000 aka bi kimanin shekara biyar, rabi na shan UI 2,000 kullum (UI shi ne ma'aunin yawan bitamin ɗin) rabi na shan kinin da ba komai ciki, kuma ba a ga ciwon zuciya ko shanyewar ɓarin jiki sun ragu ba. A Niyuzilan ma an gwada da mutum wajen 5,000, rabinsu na shan UI 100,000 duk wata, sakamakon ɗaya ne. Wato mai ƙiba da wanda ciwo ya zaunar cikin ɗaki dama sukan yi ƙarancinta, ƙarancin na iya zama alama kawai ba shi ne sanadi ba.

Sai ka tambayi kanka, kai kana ma cikin masu buƙata? Ɗan kabu-kabu da ke yawo daga Kasuwa Babba zuwa tasha cikin ranar Afrilu, da wuya. Amma matan kulle, da mai fita cikin dogon hijabi har da safa, da tsohon da ya daina fita, da ma'aikacin da ke wuni a biro cikin kilim, da mai ciwon ƙoda ko hanta, su ne abin dubawa. Kuma baƙar fata ta fi farar fata buƙatar daɗewa a rana kafin ta haɗa adadi guda, don haka kar a ce ai Maraɗi rana ba ta ƙarewa.

In kana cikinsu, je wajen lokotoro ya rubuta maka analis na jini, sunansa 25-OH bitamin D. Ƙasa da 20 ng/ml galibi ana ɗaukar shi ƙaranci. Ka gaya masa duk maganin da kake sha, musamman na tansiyo irin hydrochlorothiazide, don shi yana riƙe kalsiyom a jini, haka mai shan digoxine na zuciya.

Nan ne wurin da nake so a natsu: adadi. Babba na buƙatar wajen UI 600 a rana, wanda ya wuce shekara 70 kuma 800, kuma bai kamata ka wuce 4,000 a rana ba sai da umarnin lokotoro. To ampul ɗin nan ƙarama da ake fasawa a sha, irin Uvedose, UI 100,000 ne cikinta, ba ta kullum ba ce, ba ta kowane sati ba ce, tazarar da aka rubuta a ordonans ita za ka bi. Bitamin D ba kamar bitamin C ba ce da ke fita da fitsari, a kitse take taruwa. In ta yi yawa kalsiyom ya cika jini, sai ƙishirwa da yawan fitsari da tashin zuciya da taurin ciki, ga tsakuwar ƙoda, kuma kalsiyom ɗin na iya maƙalewa a bangon jijiya ya taurara ta. Ka ga an je neman ƙiba an samo rama. Na masu tire a kai da ke yawo da magani cikin rana kuwa, don Allah bar musu kayansu.

Ka sha ta bayan abinci mai maiƙo, shinkafa da wake da man gyaɗa ma ta isa. Ƙwai da sardin na gwangwani na ɗan ƙarawa. Hajiya kuma ta riƙa zama a tsakar gida da hantsi, hannu da ƙafa a buɗe na ɗan lokaci, ba sai ta fita waje ba.

Jijiyar kuwa, abin da ke gyara ta a fili yake. Auna tansiyo a CSI na unguwarku, in tana kai 14/9 ko sama a kai a kai to magani ne, kuma ba a dainawa don kai ya bar ciwo. Gishiri kar ya kai giram 5 a rana, ƙaramin cokalin shayi kenan, har da wanda ke cikin magi da yajin tsire. A bar sigari, a auna sukari, a riƙa taka ƙafa.

Gwaggo dai da muka je aka auna ta, tansiyonta 17/10 ne, ashe wata biyu kenan da ta ajiye kininta na hawan jini tana jiran bitamin.